Hannun Rigar Ramatu

Fitowa daga gida

Ban jira kiran asalatu ya ƙare ba na ɗaura zane. Ɗiyata Hauwa ta aika kayan auren jikata Ramatu wurin tela a Filinge, har da rigar Japan a ciki, wai a yanke dogayen hannayenta a yi ɗankwali.

Rigar nan amana ce. Wata baƙuwa 'yar Japan, Yumi, ta zauna gidanmu tana aikin awon jarirai lokacin da Ramatu ke goye. Da za ta koma ta ba ni riga mai hannaye har gwiwa, ta ce sunanta furisode. A can ƙasarsu budurwa ce ke sa ta, hannayen na rawa in tana tafiya. Sai an ɗaura mata aure ake rage su. Ta ce, "Inna, ki aje wa Ramatu. Ta sa ta da hannayenta tukuna."

Da na tuna wa Hauwa amanar, ta ce, "Inna, hannun zai faɗa miya!"

Na ce, "Ya faɗa. A wanke."

Amalanken jakin maƙwabcinmu ya kai ni bakin hanya, hantsi bai yi ba.

Cikin mota

Taksin Yamai mai bi ta Filinge ta zo cike, har awaki a sama. Direba ya dube ni ya ce, "Kaka, ina zan sa ki?"

"Inda za ka sa uwarka."

Aka yi dariya, aka matsa. Na zauna manne da wata mai tallar yaji, hannun rigarta kan nawa. Na tuna maganar Yumi, wai a ƙasarsu ko hannun riga ya gogi na wani a hanya, da rabo a tsakani. Na ba matar labari, na ce ko sunan telan ban sani ba, Hauwa ta hana ni don kar in zo.

A shinge jandarma ya nemi kati. Na kwance bakin zane na ba shi. Ya ce, "Asibiti za ki?"

"Wurin tela."

Ya girgiza kai ya buɗe mana.

Filinge

Rana ta take muka sauka, ranar kasuwa ce, ba masaka tsinke. Mai yaji ta aje kwandonta wurin wata, ta kama hannuna. Rumfa rumfa muka bi. A ta huɗu na hango jajayen furannin rigar a kan tabarma. Hannu ɗaya a ware yake, almakashi kusa.

"Ɗan nan, aje ƙarfen!"

Tela ya ce, "Hajiya, zaren kawai na warware. Uwar amarya ta ce..."

"Ni na haifi uwar amarya. Mayar da shi."

Ya ce ɗinkin hannu ne, keke zai ɓata shi. Na ce to ga allura, ga yini. Na zauna kan tabarmarsa, na ci ƙosai, na sha fura, ban ɗaga ba sai da ya kai ƙarshe bayan la'asar. Ya ƙi karɓar komi. Mai yaji ta raka ni tasha, na ce mata fofo, wato na gode, Allah ya bar zumunci.

Gida

Na iso ana shigo da shanu. Hauwa ta ga ƙunshin, ta sunkuyar da kai, ta kawo mini ruwa.

Ranar kamu Ramatu ta sa rigar bisa zanenta. Ta ɗaga hannaye, 'yan mata suka yi guɗa, har Hauwa ta shiga rawa. Gefe ɗaya kuwa ya taɓa miya, aka wanke.

Kashegarin ɗaurin aure na kira ta ɗakina. Ni da kaina na rage hannayen, tana kallo tana hawaye. Na naɗe abin da na cire na ba ta, na ce ta aje wa ɗiyarta.

Na gode wa Allah da ya kai ni kafin almakashi, na gode wa mai yaji. Yumi, duk inda kike, Ramatu ta sa ta da hannayenta.