Dankali Zai Je Dubiya

Shekara talatin Lucille Ouellette ta yi tana tuƙa tirela tsakanin Kanada da Amurka kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Yayarta Bernadette tana tsallaken kogi, ɓangaren Amurka, har hayaƙin gidanta Lucille kan hango ta taga.

Annoba ta sa aka rufe iyaka, sai kuma Bernadette ta kwanta ciwo. Lucille ta je bakin gada, jami'i ya ce, "Yi haƙuri, Mama, sai masu tafiyar dole."

Bai rufe baki ba wata tirelar dankali ta wuce abinta.

"Waccan fa?"

"Abinci ne, dole ne."

"Au! Dankali ne dole, 'yar'uwata kuwa ganin dama?"

Lucille ta koma gida, ta kakkaɓe lasisinta, ta kira kamfanin da ta bari. Ranar Litinin sai ga ta a bakin gada tana tuƙa tirelar dankali, shekara sittin da takwas, gwiwa a ɗaure.

Jami'in ya ɗaga kai. "Mama, ina zuwa kuma?"

"Ni wa, ɗana? Dankali ne zai je dubiya. Ni 'yar rakiya ce."