Matar da ta zo tambayar hanyar fita

Har yau ranar da Mama Saratu ta zauna a gaban teburina ba ta fita raina ba. Lokacin ina ma'aikaciyar kwantiragi a wani banki a Kafanchan, a teburin buɗe asusu. Mu 'yan kwantiragi taget ake yanka mana, wato adadin sababbin asusun da za ka kawo. Ka kasa, a sallame ka ba ko sannu. Watan Nuwamba ne, ana haƙar citta, ni kuwa nawa bai ko kama hanya ba. Manajanmu, Oga Chidi, ya riga ya gaya mini ƙarshen wata ne iyakata.

A mitin na safiyar ranar ya ja mana kunne kan abu biyu. Kada mu tsorata kwastoma da lissafin cajin asusun karant, wanda ake cire kuɗi da cek. Sannan hedikwata na turo 'yan leƙen asiri da shigar kwastoma, su ga ko muna faɗin gaskiya. Yadda za a haɗa biyun nan, bai faɗa ba.

Wajen azahar sai ga dattijuwa da zanen zumuntar matan coci, ta ce sunanta Saratu, daga Kagoro take.

"Yarinya na, in mutum ya buɗe karant, yaya zai rufe shi?"

Wa ke tambayar rufewa tun bai buɗe ba? Na dubi takalminta, na ga ya cika tsabta ga wadda ta hau acaɓa. Na ce a raina, to, ga 'yar hedikwata an turo mini. Na ɗaure fuska tamau, na zazzage mata komai: cajin kula da asusu, kuɗin littafin cek, kuɗin saƙon waya, mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya mata. Na bayyana yadda ake rufewa, da cewa kuɗin ba sa fita nan take.

"To me za ku ci a ciki?"

"Duk wanda na lissafa, Mama. Mu ba coci ba ne."

Ta harare ni, na harare ta. Ta tashi ko sallama babu. Oga Chidi da ya ji komai ya kira ni ofis. "Grace, kwastoma kike nema ko kora kike yi? Ki fara tattara kayanki." Na fito ina jin haushinsa, da nata, da na hedikwatar baki ɗaya.

Ana gab da ƙarshen wata ta dawo da mata biyu, masu sa hannu. Ashe ita ce shugabar ƙungiyar mata masu noman citta. Wani kamfanin ajiya ya taɓa karɓar kuɗinsu da fara'a, da suka je cirewa suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Shi ya sa a bana ta bi bankunan garin ɗaya bayan ɗaya da tambayar nan tata.

"A wani bankin sun ba ni kyautar lema," in ji ta. "Wani ya ce babu caji ko kaɗan, yana ta dariya. Na ce yaya zan fita, sai ya ce, haba Mama, Allah ya kiyaye. Ke kaɗai kin nuna mini ƙofa."

Ta buɗe na ƙungiya, 'yan ƙungiyar kuma suka biyo da nasu. Aikina ya tsira. Da take sa hannu na ce, "Mama, ni fa ban yarda da ke ba ranar nan."

"Na gani," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ni ma har yanzu ban yarda da ke ba. Zan riƙa zuwa ina dubawa."

Ta kuwa cika alkawari, duk wata sai ta zo ta titsiye ni. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada kwastoma mai zargi ya ba ku haushi. Da yawa daga waɗanda aka jawo da irin kyautar lemar nan sun rufe asusunsu sun tafi. Na Mama Saratu yana nan.