Gidan da Ba a Amsa Sallama

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Kyari, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Na zaci tsufa zai rage mini kewarsa, ashe ƙara ta yake yi.

Ina 'yar ƙarama, kafin a ba mu mulkin kai, aka tura shi kwas Ingila. Da ya dawo gidanmu na Gashua, mutane suka cika zaure suna jiran labarin ƙanƙara da jirgin ruwa. Shi kuwa labari ɗaya ya riƙe har ya koma ga Allah. Wai an kai su ziyara wani tsohon gidan sarauta na dutse, mai ganuwa da hasumiya, kuma zuriyar masu shi na zaune a ciki. Da Baba ya ji haka sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya riƙe a hannu, ya tsaya yana rangaɗa sallama, baƙi na ta wuce shi. Ɗan rakiya ya ce ya shiga kawai, maigidan ba ya ganin baƙi. Haka ya zaga ɗakunan ba takalmi, sanyi na cin ƙafarsa, ana nuna masa gadon kakan mutumin da ke bene a raye.

Mu yara dariya muke yi, shi kuwa tausayin Baturen yake ji. "Gidan da ba a amsa sallama kufai ne," in ji shi, "ko da dutse aka gina shi." Tun daga nan ya kafa mana doka: a zaurensa sallama ba ta faɗuwa ƙasa. Ko masunci ne ya taso daga kogi da warin kifi, duk wanda ya ji sai ya amsa, ya kai ruwa. Na sha dundu a kan wannan.

Kwanan baya jikata ta nuna mini gidan Turawan a waya. Yana nan daram, jikokinsu na ciki. Namu kuwa ambaliyar bara ta cinye ɗakunan baya, 'yan'uwana sun watse Kano da Damaturu, an kuma sa ranar zaman magada bayan Sallah, don wani yana so ya rushe ya yi shaguna. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban ga laifin kowa ba, amma zuciyata ta karye. Me Baba zai ce yau? Wane gida ne kufai a cikin biyun?

Makon jiya na je gidanmu na Gashua. Na tuɓe takalmi a ƙofar zauren, na yi sallama, shiru. Na zauna a dakalinsa na yi kuka har na gaji. Bai bar mana dutse ba, wannan ɗabi'a kaɗai ya bari, ita ma tana bukatar ƙofa.

Ina share hawaye sai wata mai tallan kifi ta leƙo. "Salamu alaikum, masu gida suna nan?"

"Wa alaikumus salam," na ce, "suna nan, 'yata. Shigo."

Allah Ya jiƙan Baba. Na amsa, ko da ni ce ta ƙarshe.