Kuɗin Sallamar Lukuman Direba

Shekara goma sha tara Lukuman na unguwar Dutse Uku ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin katako a Jos. A shekarar 2004 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Matarsa Safara'u ta je karɓar kuɗin sallamarsa, manaja ya ce ai gudun aiki ya yi.

Washegari ta ɗauko shi a tasi, ta shimfiɗe shi a ƙofar ofishin.

"Oga, ga wanda ya gudu."

"Malama, kwashe min shi! Nan asibiti ne?"

"Wallahi ba inda za mu."

Sai la'asar manajan ya sa hannu, rabin kuɗin kawai ya biya. Har Lukuman ya rasu, in aka ambaci kamfanin sai ya tofar da yawu.