Yadda na sake koyon tafiya tare da Renata

'Yan uwa, na daɗe ban leƙo nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. Jinya na yi.

Abin ya fara ne da wani zir-zir a yatsun ƙafa, kamar tururuwa na bi na. Na ɗauka tsayuwar wurin aiki ce. Sai ranar da na kasa ɗaga ƙafa in hau bas a unguwar Catford.

Maigidana Bulus ya kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi scan, aka zuƙi ruwa daga bayana da allura. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta juya tana cin jijiyoyina. Ya ce ana warkewa, amma a hankali.

Na kai ko cokali ba na iya riƙewa. Bulus ya rage aiki don ya kula da yara, ga hayar flat ba ta jira. Ban faɗa wa kowa ba, amma na cire rai da sake tafiya.

Da na ɗan samu sauƙi aka mayar da ni sashen gashin ƙashi. A nan na haɗu da Renata, wata dattijuwar Baturiya da aka sauya wa gwiwa.

Ashe tsohuwar zakara ce a tseren ski, wasan nan da ake ɗaura dogayen katakai a ƙafa a gangaro daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Ta ce tun tana ƙarama ta fara a ƙauyensu. Tana cikin tashe ta yi mummunar faɗuwa, gwiwarta ta tarwatse, aka ce tata ta ƙare. Ta yi jinya, ta dawo, ta ci lambar zinare. Sai da gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya ta yi ritaya.

Na tambaye ta ko ba ta jin tsoro. Ta ce ba ta taɓa tsayawa a saman dutse tsoro bai kama ta ba.

Wata rana ina gwada taku, na zube ƙasa. Na yi kuka, na ce a yi mini cancel ɗin sauran zaman gashin.

Renata ta dogaro sandunanta har bakin gadona. Ta ce, "Rahila, ni a talabijin na faɗi, duniya na kallo. Ke mutum biyu ne suka gan ki. Ki ce masu gashin su koya miki tashi daga ƙasa tukuna."

Haka aka yi. Mai gashin ta riƙa kwantar da ni a katifa, ina mirginawa, in durƙusa, in kama kujera in miƙe. Da na iya wannan, tsoron taku ya ragu sosai.

Yanzu ina tafiya da sanda. Ranar Lahadin da ta wuce na shiga coci da ƙafafuna, 'yata na riƙe da jakata.

Na gode wa Allah. Na gode wa Bulus, da matan zumunta na coci da suka yi ta kawo mana abinci, da nas-nas ɗin da suka wanke ni ba su taɓa ɓata fuska ba. Renata ta koma gida, muna waya, har yanzu faɗa take mini in na tsallake motsa jiki.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa, abin yana hawowa sama, kada ku tsaya shafa man zafi kamar yadda na yi. Ku je asibiti a ranar. In kuma kuna da mai jinya, ku je ku zauna da shi, ko ba ku da abin faɗa.