Yarinyar da Ta Tare Zanenta

Ni dai sanyin esi da lemon kyauta ne suka kawo ni baje kolin zane-zanen nan na GRA, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tun da na zauna, idona na kan wata siririyar yarinya mai shuɗin mayafi. Kowane mai zane yana gefen aikinsa yana washe baki kamar mai tallan makilin, ita kuwa ta ba nata baya ta tare shi. Fenti ne a farcenta maimakon lalle, sai cizonsa take yi.

Na ce, "'Yar nan, kin rataye abu don a gani, kuma kin kafe a gabansa kamar ƙyaure?"

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Babana ne ya shigo, Hajiya. Ya ɗauka furanni nake zanawa. Ba ya son zanen mai rai."

Na leƙa ta kafaɗarta. Fuskar mace ce mai wushirya irin tata, an rubuta "Allah ya jiƙanta" a ƙasa. Ba sai an gaya mini uwarta ce ba.

Ga dattijon nan tafe da carbi, yana tsayawa a kowane zane, ita kuma tana ƙara baza mayafi. Na ajiye lemona.

Ya iso, carbin ya tsaya.

"Lailatu, matsa."

Ta matsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna zanen.

"Kin manta tabon goshinta. Nan yake, ta hagu."