Matar Bakanike da Ƙaramar Tukunya

Kafin ta yi aure, duk gidan da ake taro a layinsu ita ake kira ta riƙe ludayi. Uwarta mai sayar da abinci ce a bakin tasha, ita kuma a gindin murhu ta tashi. Ko ɗanɗana miya ba ta yi, hancinta kawai ke gaya mata gishiri ya ji ko da saura. Ba ta da gwal, ba ta da fili. Hannun girkin nan shi ne abin tinƙahonta a duniya.

Sai Allah ya haɗa ta da Bakanike.

Tun ba ta gama kwance kaya ba yayarsa ta zaunar da ita. "Amarya, auta ne fa, kin ji? Ba ya cin albasa. Ba ya cin yaji. In ya ga fatar tumatir a miya, shi ke nan. In mai ya taso sama, zuciyarsa tashi take yi. Kuma kada miya ta taɓa shinkafa, kowanne da kwanonsa."

"To me yake ci, Yaya?"

"Ke dai ki lallaɓa shi."

Ta yi ta lallaɓawa har furfura ta fito mata. Kullum tukunya biyu, babba tata da yara, ƙarama ta maigida. Wuƙarsa daban, ludayinsa daban, don sai ya shinshina cokali ya ture kwano ya ce, "Wannan ya taɓa abin nan." Ga ɗinkin da take yi wa mutane jibge a kan keken ɗinkinta, ita kuwa tana tsaye tana tace tumatir da rariya. Kowace safiya ta cika masa kula ya tafi gareji, wai abincin waje kashe shi zai yi. Abinci ne ba launi ba ƙamshi, ita kanta kunyar kallonsa take ji. Amma tana cewa lalura ce, ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Wata rana ya manta kular. Hankalinta ya tashi, bawan Allah zai wuni da yunwa. Ta rufe keke, ta shiga mota, ta bi shi.

A bayan wata mota da aka cire wa taya ta same shi da abokan aikinsa, sun kewaye tire. Ga maigidanta a tsakiya, hannu dumu-dumu cikin shinkafa da wake, mai yana bin gwiwar hannunsa, miya ja wur. Ɗanyar albasa yake tauna, ƙarar har inda take tsaye. Yana gumi yana cewa a miƙo yaji.

Mai walda ne ya fara ganinta. "A'a, uwargida da kanki? Kawo, kawo, maigadi tun ɗazu yake cigiyar kularsa."

"Kular wa?"

"Ai shi ke ci kullum. Yana godiya, sai dai ya ce don Allah ko albasa ɗaya a riƙa jefawa." Suka kwashe da dariya. "Kada ki ji haushi, uwargida, girki baiwa ce. Mu nan muna tausaya wa mutumin namu, shi ya sa ba ma bari ya zauna da yunwa."

Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai yana tsotsar ƙashi.

Da ya dawo gida ba ta yi ihu ba. "Baban yara, ashe kana cin albasa?"

"A waje mutum yana cin abin da ya samu. Nan kuma gidana ne."

"Na ji. Duk wahalar da na sha na bar ka da Allah. Abu ɗaya nake so. Ka koma ka gaya musu kai ne kake sa ni dafa wannan abin. Cewa suke ban iya girki ba. Ni!"

"Haba, so kike girmana ya zube a gaban abokan aiki? Maganar gareji ce, gobe an manta."

Washegari ba ta taɓa ɗinki ba. Ta yi girki irin na uwarta, ta soya albasa har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko baƙi aka yi. Ta shaƙe tire, ta rufe, ta kai gareji da kanta, ta dire a gabansu.

Suka hau ci hannu baka hannu ƙwarya. Mai faci har da suɗe yatsu. Maigidanta ma ya ci, ya ƙara, bai tsince komai ba.

Mai walda ya goge baki da bayan hannu. "Kai! Uwargida, kin fita kunyarmu. A ina kika sayo? Faɗa mana mu koma can."

Mijinta take kallo, tana jira. Kalma ɗaya ta isa. Shi kuwa ya ɗauki buta ya hau wanke hannu, yana tambayar mai faci ko an kawo tayar nan.

Ta ɗauki tirenta, ta kife ragowar a gaban kajin da ke kiwo a bakin kwata, ta kama hanya.